Zanen Bazara Da Ƙudan Zuma A Ƙasar Rima



Ga bazara ta kama. Wadda ta zauna ƙasar Sakkwato ba sai an gaya mata abin da watan Afrilu ya kan yi ba. Awon zafi ya kan wuce 40, ruwan randa ya yi ɗumi, yara su cika da ƙurajen zafi, in dare ya yi kowa ya jawo tabarma tsakar gida. A irin wannan lokaci ne mace ta kan gane wane zane ne na kirki cikin akwatinta, wane ne kuwa na ganin ido kawai. Kwanan baya na zaga Rabah da Wurno da Goronyo, garuruwa uku na gabashin Sakkwato, ina tambayar labarin tufa: wa ke yinta, da me a ke yinta, kuma wace wahala a ke sha kafin ta iso jikinmu. Amsar ta bi ta hannun masu kaɗi da marina da teloli, ta zarce har fadama, wurin ƙudan zuma.

Bari mu fara da zanen kansa. Auduga tana shan gumi, iska kuma ta ratsa ta, shi ya sa jiki ke sanyi a cikinta. Yadin roba kuwa, irin mai sheƙi da santsin nan da ya cika kasuwa, asalinsa daga man fetur ne. Ba ya shan gumi, sai ya bar shi kwance bisa fata. Abin da ya fi wannan muni shi ne halinsa a gaban murhu. In wuta ta lashi yadin roba narkewa ya ke yi, ya manne da fata kamar ƙaro, ƙunar ta yi zurfi. Uwargida da ke wuni tsakanin tukunya da itace ya kamata ta san wannan. Gane su ba wuya. Ki zare zare ɗaya daga bakin yadin, ki kai shi ga ashana. In ya yi ƙaurin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya ƙudundune ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, roba ce, ko da mai kanti ya rantse. Ɗinkin kuma ya zama mai yalwa. Dubi Buzu da baƙin rawaninsa da babbar rigarsa cikin rana tsaka: yalwar tufar ce ke barin iska ta zaga jikinsa. Ku 'yan makaranta masu dogon hijabi, in hali ya yi ku nemi na auduga, in bai samu ba to rigar ciki dai ta zama auduga.

Na fara da Rabah, gabas da Sakkwato, a bakin gulbi. Nan aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910, nan kuma ya yi sarauta, ya zama Sarkin Rabah a 1934. Na kawo sunansa ne saboda maganar tufa. A zamaninsa na Firimiya aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, da nufin audugar da talakan Arewa ya noma a kaɗa ta a saƙa ta a Arewa. Daga baya masaƙu suka yawaita a Kaduna da Kano, har Gusau da Funtuwa suka samu nasu, dubban magidanta suna ci daga nan. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da yadin waje da a ke shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Yau mafi yawan atamfar da ke Kantin Kwari a Kano daga ƙasar Sin ta ke zuwa.

A wani gida a Rabah na iske wata tsohuwa da mazarinta da ɗan alli a gefe, tana kaɗi a inuwar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, har yanzu ana yi?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, da munka tashi ba a kai yarinya ɗaki sai ta iya wanga. Yanzu ko jikokina kallo su kai." Ta nuna mini yadda a ke gurza auduga a fid da angurya, a shiɓe ta har ta yi taushi, sa'an nan a kaɗa, siririn zare dabam, abawa dabam. Aiki ne na haƙuri ƙwarai. Zaren gwado guda ya kan ci makonni, shi ya sa ba mai iya sayar da shi da kuɗin yadin kanti. Ni dai a ganina wadda ta samu gwado ko luru ko zanen saƙi na hannu, kada ta tsaya tana taya shi kamar tumatir. Abu ne da za ta ɗaura shekaru, ta kuma bar wa 'yarta.

A kasuwa kuwa abin da ya fi jan mata shi ne tarin gwanjo. Ban ga laifin gwanjo ba, domin rigar da aka sake sawa ta fi wadda aka jefar, kuma akwai auduga mai kyau a ciki ga wadda ta iya tona. Amma ku 'yan makaranta, ku da kuka iya karatun boko, ku juya wuyan rigar ku karanta ɗan ƙyallen da ke nan. Sau da yawa za ku ga an rubuta Bangaladash. Ƙasa ce a gabashin Indiya, mutanenta galibi Musulmi, miliyoyin mutane a can ɗinkin tufafin Turai da Amurka ne abincinsu, da yawansu kuwa mata ne. Ran 24 ga Afrilu 2013 wani bene mai hawa 8 da a ke kira Rana Plaza, kusa da Dakka babban birninsu, ya rufta da maɗinka a ciki. Mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka ji rauni. Tun kwana guda kafin nan an ga bango ya tsage, an fid da mutane, amma da gari ya waye aka tilasta wa maɗinkan su koma bakin keke. Watanni biyar kafin wannan, gobara ta ci fiye da mutum 100 a wata ma'aikatar ɗinki mai suna Tazreen, a ƙasar dai. Bayan rushewar benen ne kamfanonin tufafi na duniya da ƙungiyoyin ma'aikata suka sa hannu a wata yarjejeniya cikin watan Mayu 2013, aka shiga duba gine-gine da wayoyin wuta da ƙofofin tsira. Rigar da ta yi araha fiye da kima, lalle akwai wadda aka matsa wa a wani wuri.

Daga Rabah sai arewa, zuwa Wurno, bisa tudu yana kallon fadamar Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi ribaɗi wajen 1830, nan ya fi son zama, nan ya rasu a 1837, hubbarensa yana nan ana ziyara. Bature matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, a Wurno ya zauna a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ra'ayin Bello game da sana'a. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin aikin da ya wajaba a kan mai mulki, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauransu. Watau tun wancan zamani an ɗauki lafiyar mai ɗinki da mai rini abin da shugaba zai tambaya. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ma ta zauna Wurno. In ta naɗa jaji, watau shugabar 'yan taru da ke zaga ƙauyuka tana koya wa mata karatu, malfa ta kan ba ta da jan ƙyalle. Malfar nan alamar girma ce, amma kuma duk wadda ta taka ƙasar nan a ƙafa da bazara ta san amfaninta.

To, yaya masu rini da ɗinki su ke yau? Rinin kakanni na karofi da baba da toka a ke yi. Hannun marini ya kan yi shuɗi har mutuwa, amma ba ya ƙonewa. Rinin yanzu, na shadda da a ke yi a robobi da tukwane, da garin kala na kanti a ke yinsa, a haɗa da soda mai cin fata da wani farin gari mai wari, a kan zuba su cikin ruwan zafi. Mata da yawa sun kama wannan sana'a a cikin gida, kuma tana kawo kuɗi, ba ni hana kowa. Amma na ga wadda tafin hannunta duk ya tsattsage, na ga yarinya tana motsa tukunya fuskarta cikin tururi. A sa safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a ɗaure hanci da baki, a sa takalmi. In soda ta fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa har wajen minti 15, sa'an nan a tafi asibiti. Kada a tsaya sa mai ko kwalli. Ruwan rinin kuma kada a malala shi kusa da rijiya ko inda awaki da kaji ke sha, a haƙa masa rami nesa.

Teloli kuwa, a nan mu mata muna da hannu dumu-dumu. Sai salla ta rage kwana biyar uwargida ta kwashi yadi ta kai, ta kafa wa tela ido. Shi kuma don kada ya rasa ta sai ya karɓa, ya kwana bisa keke, yaran shagonsa su kwana suna guga da dutsen gawayi. Ɗan shagon ba taga, ga janareta a bakin ƙofa, wani ma ya kan shigar da shi ciki don tsoron ɓarayi. Hayaƙin janareta da na gawayi suna da wata guba da ba a gani, ba ta kuma da wari. Mutum ya kan ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. Wani tela a Wurno ya ce mini, "Hajiya, da za a kawo mana ɗinki tun watan Sha'aban, da ba wanda zai kwana a shago." Gaskiya ya faɗa. Kai ɗinki da wuri da biyan kuɗin aiki ba ja-in-ja, su ne abin da ke hannunmu.

Daga Wurno hanya ta bi ta arewa maso gabas zuwa Goronyo. Wadda za ta yi wannan tafiya ta tambayi labarin hanya tukuna, domin yankin ya sha wahalar 'yan bindiga. A watan Oktoba 2021 sun faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutane da dama, Allah ya ji ƙansu. Duk da haka mutane ba su bar gonakinsu ba. Gaba da garin ne aka tare Rima da babbar madatsar nan da aka gama a 1984, wadda ke iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, har Sakkwato da Birnin Kebbi suna sha daga gare ta. Damina in ta yi yawa ita ma ta kan zama abin tsoro, kamar a 2010 da ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki. Amma da rani albarkarta a fili ta ke. Tudu ya bushe ƙurmus, fadama kuwa kore shar: shinkafa, alkama, albasa, tafarnuwa, tattasai, tumatir, kankana. Wannan kore ya bi gulbi har Wurno.

Inda noman rani ya yi ƙarfi, nan feshi ke yin ƙarfi. Da hantsi za ki ga samari da injin feshi a baya, wani ba takalmi, wani da 'yar shara, iska tana dawo masa da maganin a fuska. Albasa tana da wasu ƙananan ƙwari masu tsotse ganyenta, tumatir yana da tsutsa, ba wanda zai ce wa manomi ya zuba ido gonarsa ta lalace. Sai dai maganin ba ya tambayar sunan ƙwaro kafin ya kashe shi, ƙudan zuma kuwa yana cikin masu saurin mutuwa.

Wata za ta ce, to mene ne, in an rasa zuma ai akwai sukari. Ba zumar kaɗai ba ce. Furanni da yawa ba su zama 'ya'ya sai an kai musu ƙurar wani fure, ƙudan zuma kuwa shi ne babban mai wannan dako, yana neman abincinsa yana yi mana aiki kyauta. Shinkafa da alkama ba su bukatarsa, tafarnuwa ma da ƙwayarta a ke shuka ta. Amma kankana da kabewa ba su yin 'ya'ya na kirki sai da shi. Albasa kuma, wadda ita ce arzikin ƙasar nan, in manomi ya bar ta ta yi farin furen nan mai kama da ƙwallo don ya samu iri, ƙwari ne ke zaga furannin, ƙudan zuma a gaba. In ya yi feshi furen na buɗe, ya kashe mai yi masa aiki, irin ya fito ba auki, baɗi ya je saye da tsada. Auduga ma haka. Manyan gonakinta suna kudu da nan, wajen Gusau da Funtuwa, amma ƙa'idar ɗaya ce. Wasu masana sun gwada a Burkina Faso, suka buga sakamakon a 2017. Da suka rufe furanni suka hana ƙwari zuwa, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuwa da kashi 59. Ashe zanen audugar da muke nema da bazara har da aikin ƙudan zuma a cikinsa.

Ga wani abin da zai ba 'yan makaranta sha'awa. Duk ƙudajen da ku ke gani bisa fure mata ne. Babban da ke cikin amya, wanda wasu ke ce wa sarki, shi ma mace ce, ita ce uwar gidan duka, aikinta ƙwai. Mazan ba su da yawa, ba su fita neman abinci, ba su ma da harbi. Ku ɗauki wannan ku kai wa yayyenku maza.

Wani dattijo mai amya a gefen fadama ya nuna mini nasa, saƙaƙƙu da ciyawa, an rataye bisa gawo da bagaruwa. Na ce, "Baba, yaya zuma bana?" Ya girgiza kai. Ya ce wasu amyoyin ya kan iske su fayau, ƙudan ya yi ƙaura, wasu kuwa ya iske matattu tuli a gindin itace bayan an yi feshi kusa. Ba feshi kaɗai ke korarsu ba, sare itatuwa da fari suna ciki, haka masu cire zuma da wuta maimakon hayaƙi, su ƙone ƙudan da 'ya'yansa. Amma ƙudan zuma ya kan yi tafiyar mil guda ko biyu neman fure, saboda haka feshin gonar da mai amya bai ma san da ita ba yana iya kashe masa gida.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A 2018 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana fesa wasu magunguna uku a fili saboda ƙudan zuma. Irinsu suna shiga jikin tsiro ne har cikin furensa, ko ba su kashe ƙudan nan take ba sai su ruɗa shi ya kasa gane hanyar gida. A shekarar ce kuma aka fara kiyaye ran 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma ta duniya, bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu ma mun ɗanɗana kuɗar magani ta wata hanya. A 2015 Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu domin an same shi da maganin nan mai ƙarfi, wanda a ke haɗa fiya-fiya da shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Wadda ke da shi a ɗaki ta san ba abin sa wa wake ko kan yaro ba ne.

Malaman gona suna da shawara mai sauƙi, kuma uwargida tana iya isar da ita wajen cin tuwon dare fiye da yadda malamin zai iya. Kada a yi feshi shuka tana cikin fure. In ya zama tilas, a bari sai rana ta yi sanyi dab da magariba, lokacin ƙudan ya koma gida, iska kuma ta kwanta. A bi awon da aka rubuta jikin kwalba, ƙari ba ya ƙara amfani. A gaya wa maƙwabci mai amya kwana guda kafin a yi. Ga kuma dogon yaro ko'ina a garuruwan nan. 'Ya'yansa in an daka an jiƙa kwana guda an tace suna korar ƙwari da dama, kuma ɓarnarsu ga ƙudan zuma ba ta kai ta maganin kwalba ba, ko da ya ke shi ma da yamma ya fi.

Daga gona maganin ya kan biyo mutum gida, a jikin tufa, ya faɗo hannunmu. Rigar da maigida ko ɗanki ya yi feshi da ita ba ta shiga bahon wanki ɗaya da kayan yara. A ware masa riga mai dogon hannu da wando na wannan aiki kaɗai, ya tuɓe su kafin ya shiga ɗaki, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki jariri. Mai ciki da mai goyo kada su wanke su. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya. Na ga ana zuba man gyaɗa da kananzir a irinsu, har da ruwan sha na gona, wanki kuwa ba ya fid da gubar.

Da bazara ƙudan zuma yana jin ƙishi kamar kowa. Ya kan ɗebi ruwa ya kai amya don ya sanyaya 'ya'yansa, shi ya sa ki ke ganinsa a bakin randa da wurin wanke-wanke. In an ɗauraye injin feshi a kwata ko a bakin magudanar fadama, wannan ruwan zai sha ya kai gida. Ki samu tsohon kasko, ki zuba tsakuwa a ciki don ya samu wurin sauka, ki cika da ruwa mai kyau, ki ajiye bayan gida a inuwa, nesa da inda yara ke wasa da inda aka ɗaure dabbobi. Ki riƙa zubar da ruwan kina sabuntawa bayan kwana biyu, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.